Chabela Ba Ta Tauna

Litinin, da hantsi

Jiya aka kwantar da shi. Ba zan rubuta sunan ciwon ba. Likita ya faɗa, na ji, ya isa.

A bakin ƙofar da ba a barin dangi su wuce, Evaristo ya ɗaga hannu aka tsayar da keken da ake tura shi a kai. Na sunkuya. Fiye da shekara talatin muna tare, na ɗauka mutum zai tanadi wata magana don irin wannan ƙofar. Ya janye robar iskar daga bakinsa ya ce, "Tsohuwa, Chabela. Mai rai za ki ba ta. Mai motsi."

Shi ke nan. Nas ta tura shi, ƙofa ta rufe.

Chabela aholote ce. Tana cikin akwatin gilashi a falona, daidai inda ya kamata kabad ɗin littattafaina ya zauna. Baƙa ce, da hannaye huɗu masu yatsu irin na jariri, da geza ja a gefen kai wadda take numfashi da ita, da bakin nan mai faɗi kamar an ba ta wani labari mai daɗi an ce kada ta faɗa wa kowa. Kai ka ce an fara ƙera ƙadangare ne, aka gaji a hanya, aka jefa shi ruwa. Shekaru muna zaune ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa yi mata magana ba, ita ma ba ta nema ba.

Tsutsotsin suna cikin bokiti a bayan kicin, ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsumma. Na ɗaga tsumman. Na mayar.

Talata, da safe

Rabin rayuwata na yi ina koyar da adabi a sakandare. Babu abin da ban riƙe da hannun nan ba, har da wuƙar da na ƙwace a hannun wani ƙato a bayan aji. Amma ba zan riƙe abin da ke murɗewa tsakanin yatsuna ba. Na zuba wa tsutsotsin ruwan zafi suka miƙe, na yayyanka su da almakashi, na zuba mata. Nama dai nama ne.

Gutsattsarin suka sauka a gabanta, ɗaya ma a tsakiyar kanta. Ko gezau. Tana murmushi da tsutsa a ka kamar hular coci.

Talata, da yamma

A asibitin mutum ɗaya suke bari ya shiga, na ɗan lokaci kaɗan. Sun aske masa gashin baki don robar ta zauna daidai. Ban taɓa ganin leɓensa na sama ba sai yau. Ashe siriri ne. Ashe da baƙon mutum nake kwana.

"Ta ci?" in ji shi.

"Ta ci."

Ya lumshe ido.

"Ni ma na ci," na ce, "ko da za ka tambaya."

"Ke ai ba abin damuwa ba ce. Ko babu abinci kya cinye maƙwabta."

Na gyara masa bargo da ƙarfin da ya fi na gyaran bargo.

Laraba, da safe

Ba ta ci ba. Na kwashe na jiya da cokali, sun fara wari.

Alhamis, da rana

Doña Chona ta zo, mahaifiyarsa. Ta haura tamanin, amma da ƙafarta ta tako daga unguwarsu, da sandarta da mayafinta da kwando. Ta ajiye kwandon a kan tebur ta fara fito da kaya kamar mai kafa rumfa a kasuwa: mazarƙwaila, ganyen turare, busassun furanni, ƙaramar tukunyar ƙasa.

"Malama," ta ce. Tun ranar ɗaurin aurena haka take kirana, kuma ba yabo ba ne. "Ba ni dabbar nan."

"Wace dabba, Mama?"

"Kada ki yi mini karatu. Baƙa ce, irin ta gaske, ba jajayen nan da ake sayar wa yara ba. Da irinta aka tayar da mahaifina lokacin da yake tofar da jini. Da irinta na tayar da Evariston nan yana ɗan yaye. A dafa ta da mazarƙwaila har ta narke, cokali da safe, cokali da yamma. Wannan abar geza gare ta, huhu gare ta, numfashi biyu take yi. Ɗana ko ɗaya ya gagare shi."

Na ce mata a zamanin mahaifinta da kwando ake ɗebo su a kowane ruwa na garin nan namu, Xochimilco, suka cinye su kaf, su da karfasar da aka zuba. Shi ya sa yau sai a falo ake ganinsu, a bayan gilashi.

"To ai ga shi ta rage. Don yau Ubangiji ya rage ta."

"Cewa ya yi in ba ta abinci. Bai ce in ba shi ita ba."

"Mara lafiya ya san abin da yake so?"

"Ya fi ku sani, tunda shi ya raine ta."

Ta dube ni daga sama har ƙasa, a hankali, yadda take duba kaza kafin ta taya. "Da kin haifa, da ba ki tsaya kina zaɓe tsakanin mutum da kwaɗo ba."

Na zuba mata kofi. Ina so ya zama a rubuce cewa ko ɗigo bai zube ba.

Jumma'a, da yamma

Yau maganarsa guntu-guntu take fita, yana hutawa tsakanin kalma da kalma.

"Ta ci?"

"Ta ci."

"Yaya ta ci?"

"Yadda kowa yake ci mana. Ta kama, ta tauna, ta haɗiye."

Sai ya fara dariya. Dariyar ta zama tari, tarin ya ta da injin da ke gefensa, nas ta shigo tana hararata kamar ni na ƙirƙiro ciwon. Da ya lafa sai ya neme ni da ido.

"Ba ta tauna, Lala."

Kowa Eulalia yake ce mini. Shi kuwa Tsohuwa yake cewa. Lala sai in ya kama ni dumu-dumu kuma ba ya son in ji kunya.

"Mai rai," ya ce. "Don Allah."

"Ka dawo ka ba ta da kanka."

"To."

Duk hanya a jirgin ƙasa wannan "to" ɗin nake juyawa. Na san "to" ɗinsa duka. Akwai na zan yi, akwai na ki bar ni in huta, akwai na kin yi gaskiya amma ba zan faɗa ba. Wannan ban san shi ba.

Asabar, da rana

Na bar tsumman ya bushe, na bokiti duk sun mutu. Na je kasuwa wajen masu furanni na samo jajaye ƙanana, masu rai, cikin gwangwani. Na ɗauki ɗaya da dogon hantsakin Evaristo, na kunna fitilar falo don in ga abin da nake yi, na tsoma, na yi ta kaɗa mata a gaban hanci kamar mai kiran tasi. Ta ja baya, ta ja baya, ta shige cikin fasasshiyar tukunyar da ya kifa mata. Wutsiya kawai ta bar mini.

Melitón ya shigo da latas daga gonarsu ta tsakiyar ruwa, wadda suke nomawa tare da Evaristo. Mu muka riƙe 'yarsa ranar baftisma, saboda haka yake ce mini komadre, yana kuma da izinin shiga kicin ɗina ba sallama. Ya leƙa gwangwanin ya yi tsaki.

"Komadre, waɗannan na taki ne, ɗaci gare su. Shi manya yake tono mata, masu fari-fari, a gindin itatuwan bakin ruwa. Zan kawo miki."

"Har zaɓen abinci take yi?"

"Ai ta yi gadon uwar gidan."

Na ce ya ɗauki latas ɗinsa ya fita. Ya bar latas ɗin. A bakin ƙofa ya tsaya yana murza hularsa. "An dasa masa layinsa na latas," ya ce. "In ya fito zai tarar sun yi kai." Bai jira amsa ba, Allah ya saka masa.

Lahadi, bayan coci

Zafin Mayun nan ya wuce hankali, ruwa ya ƙi sauka. Gezarta ta koɗe ta lanƙwaso gaba. Ina daskarar da robobin ruwa a firij ina jefa mata, in ɗaya ta narke in sauya. Ni da ba na tashi in kawo wa baƙo ruwa, ga ni ina yi wa ƙadangare fifita.

Na yi abin da na iya, na karanta. Duk abin da na samu a kanta na karance shi. Mutanen da sun ce wani abin bautarsu ne ya ƙi mutuwa ranar da aka ce kowa ya ba da ransa. Ya gudu ya zama masara, aka gano shi. Ya zama wani tsiro, aka gano shi. Ya faɗa ruwa ya zama aholote. A can ma aka iske shi. Na sha koya wa yara wannan labarin, ina tambayarsu ma'anarsa, ina ba da maki.

Ba ta girma kuma. Haka take tsufa da jikin ƙuruciya, har ta mutu ba ta fita daga ruwa. Na gane abin da ya haɗa su da mijina.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan: in aka cire mata hannu, wani ya tsiro. Wutsiya ma haka. Har wani yanki na zuciya. An ɗauki wannan baiwa an ba abar da ba ta san ranar Lahadi ba, an hana mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Na so in tambayi fada, limamin cocinmu, bayan an tashi, sai na ga yana sauri zai je cin abincin baftisma.

A ƙofar coci Doña Chona ta sake tayar da maganar tukunya. Don in rufe mata baki na gaya mata duk wannan, na ce abar da likitocin duniya ke ta nazari a kanta ba a jefa ta cikin mazarƙwaila. Ta kasa kunne ta ji duka. Na dawo gida ina jin na ci nasara.

Litinin, da yamma

Sun mayar da shi hawa na sama, ɗakin masu tsananin ciwo. Sun sa shi barci, an zura masa bututu. Likitar yarinya ce ƙarama, da a ajina take da na ce ta ɗaure gashinta. Ta yi mini bayani da kalmomi masu laushi. Na gyara mata ɗaya.

Yau babu wanda ya tambaye ni ko ta ci. Tun a jirgi na shirya ƙaryar, na gyara ta, na cire taunar. Haka na dawo da abata gida.

Talata, da safe

Melitón ya kawo manyan. Ba ta ci ba.

Rigar Evaristo ta gona tana rataye a bayan ƙofa. Na ce zan wanke. Ban wanke ba.

Laraba, da yamma

Zan rubuta wannan a hankali don kada in yaga takardar.

Tun daga bakin titi na jiyo ƙamshin mazarƙwaila. Na manta Doña Chona tana da makulli, ɗanta ne ya ba ta tun shekarar da ta faɗi a banɗaki. Na tarar da ita a kicin ɗina tana juya tukunya da cokalina. Na wuce falo da jakata a kafaɗa.

Chabela tana nan. Tana kwance a kusurwa, tana murmushi. Hannunta na gaba na dama babu, daga gwiwa. Wurin fari fat.

"Hannu ɗaya kawai," in ji ta daga bayana. "Da reza sabuwa. Ko jini ba ta yi sosai ba. Ke da bakinki kika ce yana tsirowa."

Ni da bakina.

Ban san duk abin da na faɗa ba. Na san na ce mata mahauciya. Na san na ce in ya farka ya tambaye ni, ita za ta shiga ta gaya masa, ba ni ba. Na san na daina ce mata "ku" a tsakiyar magana, abin da ban taɓa yi ba tun da na shigo danginsu. Maƙwabciya ta rufe tagarta.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta tace abin da ta dafa ta zuba a ƙaramar kwalba, ta ɗaure bakin da tsumma.

"Ni ba sa barina in hau," ta ce. "Sun ce na tsufa, zan kwaso wani abu. Ke suke bari. Ko a leɓe ne ki shafa masa."

"Ajiye mini makullina."

Ta ajiye. Ta ɗauki sandarta. A bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ke miji za ki rasa, Malama. Ni wanda na yi wa wankan farko."

Wa ya ce mata za a rasa wani? Wa ya ce?

Alhamis, da safe

Kwalbar tana kan tebur.

Alhamis, da yamma

Tana nan.

Jumma'a, da yamma

Na san abin da ke cikin kwalbar: sukari, ganye, da hannun dabbar da ba ta yi wa kowa laifi ba. Na san ba ya maganin komai. Zan iya tsayawa gaban allo in yi bayanin dalili har a kaɗa ƙararrawa.

Na sa ta cikin rigata na wuce mai gadi. Na jira nas ta juya baya, na tsoma ɗan yatsa, na shafa masa a leɓe, gefen bututun, a siririn leɓen nan na sama da ban saba da shi ba. Ya bushe, ya tsattsage. Na shafa har sau nawa ban sani ba.

Da na ɗago, nas tana kallona. Ta dubi yatsana, ta dubi kwalbar. Sai ta ɗaga kai tana duba ledar ruwan da ke rataye, ta daɗe tana dubawa, kamar an rubuta mata wasiƙa a jiki.

Ban gaya masa na mene ne ba.

Asabar, da rana

Chabela ta rame. Jikinta ya fi kanta sirantaka yanzu, abin da na karanta cewa ba a so. Na sauya mata ruwa da wanda ya kwana, na ƙara ƙanƙara, na tsoma tsutsa, na kaɗa, na roƙe ta, na zage ta. Na ce mata, ke, idan kika mutu kafin ya dawo, ni da ke ne. Ta shige tukunya da hannu uku, tana tafiya a karkace.

Ba komai nake nema ba. So nake in shiga ɗakin nan sau ɗaya in ce "ta ci" ya zama gaskiya. Ƙarya ce magana ta ƙarshe da ya ji daga bakina yana farke, kuma ya san ƙarya ce.

Lahadi, da asuba

Na tashi kafin gari ya waye, na dafa kofi, na zuba kofi biyu. Hannu ne ya yi, ba ni ba. Na tsaya a ƙofar kicin da su, inda nake tsayawa kullum.

Daga nan nake kallon bayansa kowace safiya. Shekara da shekaru. Shi yana sunkuye a kan gilashin nan, ni ina tsaye kofinsa yana hucewa a hannuna, ina ƙirga laifuffukansa. In ce masa, Tsoho, kunna fitila mana, kana tsaye a duhu kamar ɓarawo. Ya ce, bari. In ce, ka mutu ne a tsaye? Ya ce, saura kaɗan. Na haddace bayan nan kamar karatu: kafaɗar hagu ta ɗan sauka, hannun riga a naɗe, gwiwar hannu a kan bakin gilashi.

Gwiwar hannu a kan bakin gilashi. Ba ya motsi. Kuma fitila a kashe.

Na ajiye kofunan. Ban kunna komai ba. Hantsakin yana nan a rataye, sai na tuna ban taɓa ganin ya ba ta abinci da shi ba, ƙazanta yake kwashewa da shi. Na wanke tsutsa ɗaya a famfo, na riƙe ta da yatsuna. Sanyi gare ta, tana miƙewa tana dunƙulewa, tana neman hanya tsakanin yatsa da yatsa. Na naɗe hannun riga, na tsoma har gwiwa, na jingina a inda katakon ya yi santsi saboda gwiwarsa. Na bar tsutsar tana lilo a bakin tukunya. Ni ban motsa ba. Ita ke motsi.

Na daɗe. Hannuna ya mutu da sanyi. Babu abin yi sai tsayuwa, sai jin zakarun unguwa, sai mai tallan tamal, dafaffen ƙullin masara, yana wucewa da kekensa yana kira. Ashe abin da yake ji ke nan kowace safiya. Ashe yana jin ni ma a bayansa, ina huci.

Ta fito. A karkace, a hankali. Ta tsaya. Ta ɗaga kai har tsutsar ta shafi hancinta.

Ban ga lokacin da ta buɗe baki ba. Wuf! Ruwan ya ja yatsuna, ita kanta ta yi tsalle baya kamar abin ya ba ta mamaki, rabin tsutsa a waje yana harbawa. Ta tsaya, ta sake zuƙa, babu. Gezarta ta kaɗa sau ɗaya. Ta koma murmushinta.

Ba ta tauna.

Na zauna a ƙasa da jiƙaƙƙen hannu. Abin da na yi a wurin ba na takarda ba ne.

Lahadi, da yamma

Na sa bakina a kunnensa na gaya masa duka, dalla-dalla. Duhun, da gwiwar hannun, da yadda ruwan ya ja ni, da tsallen da ta yi baya, da gezar. Na ce, zuƙa take yi, Tsoho, kamar kai da romo. Na ce, ta ci. Na ce, wannan karon tambaye ni yadda ta ci, tambaye ni ka gani.

Maganar hannun ban yi ba. Zai gani da kansa.

Injin ya ci gaba da hura shi yana saki. Ni na ce ya ji. Duk mai musu ya zo ya same ni.

Litinin, da asuba

Ta ci.

Talata, da asuba

Ta ci biyu.

Laraba

Ruwan farko ya sauka. Sun kira daga asibiti ina wanke kofi.

Asabar, da yamma

An ture kujerun falo. An zana gicciye da farar ƙasa a daɓe, inda aka ajiye shi kafin a fita da shi, da kyandir a kowane gefe. Haka zai zauna har a gama kwanakin addu'a. Kowace yamma mata suna cika ɗakin da carbi, ni ina raba kofi da burodi ina karɓar kalmomin da aka riga aka tauna. Allah ya fi mu sonsa. Ya huta. Wata ta ce in yi haƙuri, ai ban da nauyin yara. Na ƙara mata sukari.

Na rufe gilashin da mayafi saboda hasken kyandir. Yara suna ɗagawa suna leƙe.

Doña Chona tana zama a can ƙarshe, kusa da ƙofa. Ba ta kallona. Yau da za ta fita ta tsaya daidai kafaɗata.

"Da dukanta aka dafa, da ya tashi," ta ce.

Na buɗe baki. Ina da amsa, mai kyau, mai kaifi, ta zo cif. Sai na ga takalminta. Ta sa ƙafa ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa, ba ta sani ba.

"Na shafa masa," na ce. "Duk ranar da na je."

Ta tsaya kamar za ta faɗi. Melitón ya riƙe ta suka fita.

Litinin, da asuba

Ta ci. Na zuba kofi biyu.

Alhamis, da asuba

Ta ci.

Asabar, da hantsi

Jiya aka ɗauke gicciyen. An share farar ƙasar cikin ƙaramin akwati, aka kai maƙabarta. Falo ya koma falo. Melitón ya ce in na ga dama ya ɗauke mini gilashin ya kai wa wani mai kiwonsu, in samu wurin kabad ɗina.

Na ce wa ya gaya masa ina neman wurin kabad.

Rigar tana bayan ƙofa. Ƙamshin ya fara tafiya. Wannan ne abin da ban yafe ba, ba likitoci ba, ba fada ba, ba tsohuwa ba. Riga ma ba ta iya riƙe mutum.

Talata, da asuba

Wani ɗan tsiro ya fito a dungun hannun Chabela, kamar ƙwayar shinkafa. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa?

Lahadi, ƙarshen Yuni, da asuba

An ƙwanƙwasa ƙofa gari bai waye ba. Doña Chona ce, a jiƙe, laka har idon sawu, da kwandonta da gwangwani a hannu. Ta sa Melitón ya tsallaka da ita a kwalekwale jiya, ta tono da kanta a gindin itatuwan.

"Ban da makulli," ta ce.

"Na sani. Ku shigo, Mama. Kada ku kunna fitila."

Ta tsaya gaban gilashin tana ƙifta ido har duhun ya saba da ita. Na nuna mata da yatsa. Hannun ya fito, ƙarami, fari, ana ganin haske ta cikinsa, da 'yan yatsu kamar zare. Chabela ta dafa shi a kan tukunya kamar ba a taɓa yin komai ba.

Tsohuwar ta yi alamar gicciye.

"Ta yafe ke nan?"

"Ba ta san an yi ba. Ku naɗe hannun riga."

"Ni? Malama, hannuna rawa yake."

"Zan riƙe muku."

Na wanke tsutsar na sa mata a yatsu. Ita ko a jikinta, ta tono dubunsu tun tana yarinya. Na dafa gwiwar hannunta a wurin da ya yi santsi, na riƙe mata wuyan hannu a cikin ruwan. Ƙashi ne kawai da fata. Ta fara kaɗawa.

"Kada ku motsa. Ku bar tsutsar ta yi aikinta."

"Har yaushe?"

"Har ta ga dama."

Muka tsaya. Ruwa yana ɗiga daga rufi, mai tamal ya wuce.

"Haka yake tsayawa?" ta tambaya.

"Haka. Kullum. Kofinsa yana hucewa."

"Bai taɓa sauri ba. Ko haihuwarsa sai da ya wuce lokaci, ungozoma har ta yi fushi ta tafi gida." Ta ja hanci. "Sai yanzu ya ga damar yin sauri, ya riga ni."

Na ƙara riƙe hannun.

Wuf! Tsohuwar ta yi ƙara ta kira sunan Budurwa Maryamu, ta kusa kifar da mu duka. Sai ta leƙa, ta ce, "Ke, ko taunawa ba ta yi ba!"

Tana kicin yanzu, tana shan kofi na biyun, tana cewa ya yi ruwa. Makullin yana cikin kwandonta, ba ta gani ba tukuna.

Ta ci, Tsoho. Da hannu huɗu.